Haɗa Kyamarar Gaban Mota da Allon Dashbod: Inda Gizo Ke Saƙar

Duk wanda ya sayi kyamarar nan da ake mannawa a gilashin gaban mota, ba a jimawa sai tunani ɗaya ya faɗo masa: ga allo fankameme a tsakiyar dashbod, inci takwas ko goma, me zai hana hoton kyamarar ya riƙa fitowa a kansa, maimakon a yi ta ƙura ido a ɗan allonta da bai wuce inci biyu ko uku ba? A ido, aikin minti biyar ne. Kyamara na da kebul, mota na da kafar USB, sai a soka kawai. Da yawa sun soka, allon bai nuna komai ba. Wasu ma sai da aka goge su a hanya, suka zaro katin memori don kafa hujja, sannan suka tarar tun ranar da aka soka kebul ɗin kyamarar ba ta sake ɗaukar komai ba.

Tushen ruɗanin shi ne ana cakuɗa abubuwa uku da kowanne da tasa hanyar. Akwai wutar da kyamara ke ci. Akwai hoton da take fitarwa. Akwai kuma umarnin da ake ba ta, kamar a ce ta kulle wani bidiyo kar ya goge, ko ta kashe makirfo. Wani kebul wuta kaɗai yake kawowa, wani ya kai hoto amma ba ya dawo da umarni. Don haka idan mai kaya ya ce maka "ai tana haɗuwa da allon mota", tambaye shi wanne daga cikin ukun yake nufi.

Ita kyamarar an ƙera ta ne ta ci gashin kanta. A cikinta akwai idon ɗaukar hoto, da 'yar ƙwaƙwalwar da ke matse bidiyo, da katin da take zubawa. Tana yanka bidiyon gunduwa-gunduwa, minti ɗaya ko uku ko biyar, in kati ya cika ta koma kan mafi tsufa ta goge ta ɗora sabo. Tana da na'urar jin girgiza. Da an yi karo ko an taka birki da ƙarfi, sai ta ware wannan gunduwar ta kulle. Idan tana ɗauka a kan megabit 15 a daƙiƙa, abin da aka saba gani a masu 1080p, awa guda kan cinye kusan gigabait 7, wato kati mai gigabait 64 zai riƙe tuƙin kimanin awa tara kafin a fara gogewa. Babu inda allo ya shigo a wannan aiki, shi ya sa kyamarori masu tsada da dama ba su da shi sam. Bidiyoyin da duniya ta kalla na dutsen da ya tarwatse a samaniyar Chelyabinsk ta Rasha ranar 15 ga Fabrairun 2013, da yawansu irin waɗannan kyamarori ne suka ɗauka, alhali direbobin tuƙinsu kawai suke yi.

Allon da mota ta zo da shi daga kamfani kuwa ba talabijin ba ne da za ka leƙa bayansa ka ga ramukan soka waya. A motocin zamani da yawa allon fuska ce kurum, ƙwaƙwalwar tana cikin wani akwati a can cikin dashbod. Abin da ke haɗa su kebul ne na musamman mai ɗauke da siginar dijital mai saurin gaske, irin su LVDS, ko FPD-Link na kamfanin Texas Instruments, ko GMSL da Maxim ya ƙirƙiro. Kawunan wayoyin ma ba irin na gida ba ne, galibi masu launi-launi ne da ɗan makulli, irin su FAKRA. Ƙwaƙwalwar kuma ba ta karɓar hoto daga na'urar da ba a gabatar mata ba tun a masana'anta.

Ba son kuɗi ne kaɗai ya sa kamfanoni suka toshe ƙofar ba, ko da yake ba a rasa shi a ciki. Allon na da aikin da doka ta ɗora masa. A Amurka, tun daga 1 ga Mayun 2018 dole kowace sabuwar ƙaramar mota ta zo da kyamarar baya, kuma hoton ya bayyana cikin daƙiƙa biyu da saka ribas. Tarayyar Turai ma ta wajabta na'urar gano abin da ke bayan mota a duk sababbin motoci daga Yulin 2024. Kamfanin da ke ɗauke da wannan nauyi ba zai so wata baƙuwar na'ura ta daskarar masa da allo daidai lokacin da yaro ke tsaye a bayan mota ba. Ga kuma batun ɗauke hankali. Ƙa'idojin da hukumar kiyaye haɗurra ta Amurka, NHTSA, ta fitar a 2013 sun nemi kada wani aiki a kan allo ya ɗauke idon direba daga titi fiye da daƙiƙa biyu a kallo ɗaya. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana shafe kusan mita 28 a kowace daƙiƙa, kallon daƙiƙa biyu ya zama mita 56 ke nan ba mai duban hanya.

Tarkon USB

Kafar USB ta mota abu biyu ta sani: filashi mai waƙoƙi da hotuna, da wayar salula. Ba ta da manhajar gane kyamara. Su kuma kyamarori da yawa an tsara su ne, da zarar sun ji an haɗa su da abin da ke magana ta layin bayanai, su ɗauka kwamfuta ce, su ajiye ɗaukar hoto su koma filashi domin a kwafi fayil. Fitila na kunne, mai mota na ganin komai lafiya lau, ita kuwa tana zaune haka nan. Ko ba ta yi hakan ba, ƙa'idar USB 2.0 rabin amfiya ta tanada a kan bolt 5, alhali kyamara mai ido biyu, na gaba da na baya, da GPS da Wi-Fi na iya neman amfiya ɗaya zuwa biyu. Sai ta riƙa mutuwa tana tashi, tana barin fayiloli lalatattu. Wannan hanya ita ce mafi sauƙin gwadawa, kuma ita ta fi cutar da mutane, domin ɓarnarta ba ta nunawa a fili.

Hanyoyin da ke aiki, da abin da kowace ke karɓewa

Mafi tsufa ita ce wayar bidiyo mai kan nan rawaya, RCA, wadda ke ɗauke da siginar analog. Sharaɗinta biyu ne: kyamarar ta kasance tana da mafitar AV, wato kafar fitar da hoto, abin da sababbi da yawa suka daina sakawa, sannan rediyon motar yana da mashigar bidiyo. In an dace da duka biyun, hoto zai fito nan take ba jinkiri. Amma kar a sa rai da kyau. A tsare-tsaren analog biyu da aka fi amfani da su, NTSC layi 480 yake nunawa, PAL 576, alhali kyamara mai 4K layi 2160 take ajiyewa a kati. Lambar motar da ta fito sarai a cikin fayil, a allon dishi-dishi za a gan ta. Idan kuma kyamara na kan PAL allo na jiran NTSC, hoton zai fito baƙi da fari ko ya riƙa birgima. Gyaransa a saitin kyamara yake, ba a waya ba. Akwai wani tarkon kuma: kyamarori masu tsarin AHD, wato analog mai hoto mai ƙarin kyau, kan wayarsu iri ɗaya ne sak da na tsohon tsarin, amma siginar daban ce. Ka soka, ta shiga daram, allo ya tsaya baƙi ƙirin.

A mota da yawa mashigar bidiyo ɗaya tak ce, ita ce ta kyamarar baya, kuma nan ne mutane ke kwaɗayin bi. Ita wannan mashigar ba ta buɗewa sai ta samu labarin an saka ribas, ko dai ta wata waya da ke kawo bolt 12 daga fitilar baya, ko ta saƙon kwamfutar mota. Masu rewaya kan saka makunni da zai yaudari rediyon ya ɗauka an shiga ribas, tare da 'yar na'urar sauya tsakanin kyamarori biyu. Yana aiki. Sai dai wani rediyon kan juya hoton dama ta koma hagu, saboda an tsara shi ne ya yi kama da madubi, ya kuma zana layukan fakin a kan hoton titin gaba. Mafi muni, duk ranar da makunnin ko na'urar sauyawar ta samu matsala, kyamarar bayan ce za ta tafi. A ganina wannan ciniki ne na faɗuwa: ka jefa abin da ke hana ka take mutum cikin haɗari saboda abin da ba ya hana komai.

Rediyoyin da ake saya daban a saka suna da wata waya da ake ɗaurawa a hambirki, ta yadda bidiyo ba zai fito ba sai mota na tsaye. Kowa ya san dabarar da ake yi, a ɗaure ta da bodin mota a huta. Wanda ya yi haka ya sani cewa da hannunsa ya cire kariyar.

Ga motar da allonta na dijital ne zalla, sai akwatin shiga-tsakani. Ana zare kebul ɗin da ya taso daga ƙwaƙwalwa zuwa allo, a bi da shi ta cikin akwatin, shi kuma ya ba da ƙarin mashigai na RCA ko HDMI. Akwatin yana sauraren layin CAN, hanyar sadarwar da Bosch ya gabatar a 1986 wadda kwamfutocin cikin mota ke hira ta kanta, don ya san wace giya aka saka da wane maɓalli aka danna. Sai ka danne wani maɓalli na 'yan daƙiƙu, allo ya sauya zuwa kyamara. Nan ne ya kamata mutum ya fi natsuwa kafin ya fitar da kuɗi. Sunan mota da shekararta ba su isa ba. Mota iri ɗaya, shekara ɗaya, tana iya zuwa da tsarin allo biyu ko uku mabambanta, kuma akwatin da ya dace da ɗaya ba zai yi a ɗayan ba. Dole a duba lambar tsarin a cikin saitin allon, wani lokaci ma sai an kwance an ga kan kebul ɗin da ido. Sannan hoto kawai za ka samu. Taɓa allon ba zai juya kyamarar ba. Akwati marar inganci kan hana kwamfutocin mota yin barci bayan an kashe ta, batir ya yi ta tsiyaya cikin dare. In kuwa ya mutu gaba ɗaya, allon ne ke ɗaukewa, kuma a motoci da yawa har na'urar sanyaya ɗaki ta nan ake sarrafa ta. Motar da garantinta bai ƙare ba, a karanta sharuɗɗansa kafin a taɓa waɗannan wayoyi.

Wata hanyar da ke ba da hoto da umarni a tare ita ce cire rediyon asali a saka mai Android. A nan USB ke yin abin da aka yi zato tun farko, domin akwai ƙananan kyamarori da aka yi musamman don waɗannan rediyoyi, da manhajarsu da ake girkawa. Ka ga titi a allo, ka koma baya ka kalli na ɗazu, ka kulle fayil da yatsa. Abin lura ɗaya ne, kuma babba ne: ina bidiyon ke sauka? Wasu kyamarorin na da katinsu, suna ɗauka ko manhajar na buɗe ko ba ta buɗe. Wasu kuwa ido ne kawai, rediyon ne ke ajiyewa. Irin na biyun, muddin rediyo bai gama tashi ba bayan an kunna mota, ko manhajar ta maƙale, ko wuta ta ɗauke lokacin karo, to babu bidiyo. Ni dai mai katin kanta zan zaɓa ko da ta fi tsada. Kuma a sani, ingancin hotonsu da daddare yawanci ba ya kamo na kyamarori masu zaman kansu, duk abin da aka rubuta a jikin kwali.

Sai hanyar wayar salula, wadda ta fi kowace jawo gardama. Kyamarori da yawa na buɗe Wi-Fi nasu, ka haɗa waya, ka kalla ta manhaja. Tunda wayar na hawa allon mota ta CarPlay, wanda Apple ya fitar a 2014, ko Android Auto na Google da ya biyo baya a 2015, sai mutum ya ɗauka an gama. Amma waɗannan tsare-tsare ba fuskar waya suke kwafowa ba. Rukunin manhajojin da aka amince da su kaɗai suke bari, kamar taswira da sauti da kira da saƙonni, kuma ba sa barin bidiyo mota na tafiya. Ga kuma rikicin Wi-Fi: CarPlay marar kebul da Bluetooth yake fara gaisawa, sannan ya koma Wi-Fi ɗin motar, waya kuma galibi Wi-Fi ɗaya take riƙewa a lokaci guda. Da ka haɗa ta da kyamara sai motar ta fizge ta, ko taswira ta ɓace. Maganinsa a katse CarPlay ɗin na ɗan lokaci, ko a koma kebul. Akwai ƙananan akwatuna masu Android a ciki da ake sokawa a USB su yi shigar waya, su buɗe allon ga kowace manhaja. Ta nan hoton kyamara na iya fitowa, amma da jinkirin da ido ke gani, abin da ya sa ba a dogara da shi wajen fakin ko kauce wa wani abu. (Kar a haɗa Android Auto da Android Automotive, wanda shi a cikin motar yake zaune, kamar a Polestar 2 ta 2020, shi ma manhajojin da aka tace kaɗai yake karɓa.)

Wanda bukatarsa kallon abin da aka riga aka ɗauka ne kawai, ba sai ya kwance komai ba. Ya yi fakin, ya kashe kyamara, ya zare kati, ya saka a marikin kati na USB. Ko ya buɗu ko kar ya buɗu ya danganta da nau'in fayil ɗin bidiyon da tsarin katin: tsofaffin alluna kan gane MP4 mai H.264 a kati mai FAT32, su ƙi H.265 ko fayil ɗin TS ko exFAT, wanda katunan da suka haura gigabait 32 ke zuwa da shi.

Kafin duk wannan ma, a buɗe littafin mota a duba, domin wasu sun zo da abin a jikinsu. Tesla ta mayar da kyamarorin motocinta masu ajiye bidiyo ta hanyar sabunta manhaja a 2018, ta ƙara tsarin gadi lokacin fakin a 2019, sannan a 2020 ta kawo damar kallon bidiyon a allon mota, shi ma sai mota na kan fakin. BMW ta kawo Drive Recorder a 2019, mai ajiye har daƙiƙa 40, wato 20 kafin abin ya faru da 20 bayansa. Hyundai ma ta fara haɗo irin wannan kyamara a motocinta na kasuwar Koriya ta Kudu. A wasu motocin kayan aikin na nan, kunnawar ce ake biya.

Me ake nema a allon?

Wannan tambayar ya kamata a fara yi. Kyamarar gaba abin da idonka ke gani ta gilashi take nunawa, kuma da ido mai faɗin digiri 140 ko fiye, wanda ke sa abin da ke kusa ya yi kamar yana nesa. Ba ta hango ƙasan bonet, don haka ba ta taimakon fakin; mai son wannan ƙaramar kyamara ce zai saka a bamba. Amfanin allo na gaskiya bai wuce daidaita fuskar kyamara ranar da aka saka ta, da ganin baya idan kaya sun toshe madubi, da nuna wa jami'in hanya ko abokin karo abin da ya faru nan take. Biyu daga cikin ukun nan waya na yin su.

Doka ma ta bambanta wuri zuwa wuri. A Birtaniya, sashe na 109 na dokar ƙira da amfani da ababen hawa ta 1986 ya hana direba ganin allo yana tuƙi, sai mai nuna halin da mota ke ciki, ko inda take, ko hanyar zuwa inda za shi, ko mai taimaka masa ganin titin da ke gefen motar. Kallon bidiyon ɗazu ba ya ciki. A Jamus, kotun ƙoli ta tarayya mai shari'un farar hula ta yanke hukunci ranar 15 ga Mayun 2018 cewa ɗauka ba ƙaƙƙautawa ba tare da dalili ba ya saɓa dokar kare bayanai, amma duk da haka ana iya karɓar bidiyon a matsayin shaida a shari'ar haɗari. Abin da kotu da kamfanin inshora ke nema fayil ne mai kwanan wata da lokaci daidai. Ba ruwansu da inda ka kalle shi.

Kowace hanya aka bi, wutar kyamara a ware mata tata. Ko ta soket ɗin laita da cajar da ta zo da ita, ko ta akwatin fiyus da kebul mai waya uku: ɗaya kan fiyus da ke samun wuta sai an murɗa makulli, ɗaya kan mai wuta kullum saboda gadi lokacin fakin, ta ukun a bodi. A zaɓi kebul mai yanke wuta da kansa idan batir ya sauka wajen bolt 12, kuma kar a taɓa fiyus na jakar iska ko na birkin ABS. A ginshiƙin da ke gefen gilashin gaba, waya ta bi bayan jakar iska, ba ta gabanta ba. Kar kyamarar ta tare wa na'urorin kamfani da ke bayan madubi gani. Idan aka ga layuka na yawo a hoto suna ƙaruwa da an taka totur, yawanci kyamara da rediyo ne ba su haɗu a wuri ɗaya a bodi ba.

Bayan mai rewaya ya gama, kar a karɓi mota don kawai hoto ya fito. A saka ribas sau da yawa, da injin sanyi da na zafi, a ga ko kyamarar baya na zuwa nan da nan. A ɗan zaga, a zare kati a buɗe a kwamfuta, a duba kwanan wata da ko akwai giɓi tsakanin fayiloli. Sannan a kashe tsarin gadi, a bar motar ta kwana, a auna batir da safe. Lafiyayyen batir cikakke kan tsaya wajen bolt 12.6. Idan ya wayi gari ƙasa da 12, mai yiwuwa akwai abin da bai yi barci ba a cikin motar, kuma na'urar da aka saka ta ƙarshe ita za a fara zarewa.